Yadda Unguwa Za Ta Haɗa Kai Ta Samo Kuɗin Gyara Daga Ƙaramar Hukuma a Birnin Kano

Duk wanda ya yi damina a lungunan Kano ya san safiyar da nake nufi. An kwana ana ruwa a watan Agusta, lambatu ya toshe da leda, ruwan kwata ya dawo har cikin zaure, katangar wani ta zube. Bayan sallar asuba sai a tsaya a ƙofar masallaci ana cewa gwamnati ta manta da mu. Rana na fitowa kowa ya kama hanyar kasuwa, maganar kuma ta kwanta sai wata daminar.

Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar unguwarmu, na kuma yi zaryar sakatariya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da na gani shi ne, kuɗin hukuma yana bin unguwar da ta riga ta haɗa kanta, ta zuba nata tun farko, ta kuma shigar da buƙatarta a rubuce a lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi. Kuka shi kaɗai bai taɓa kawo mana buhun siminti ba. Ga hanyar daki-daki, yadda na san ta.

Ku fara sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Mu a baki Kano gari ɗaya ne, amma a takarda ƙananan hukumomi takwas ne suka raba birnin da kewayensa: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Babu wani ofishi guda da ke riƙe da lalitar birnin gaba ɗaya. Mutumin Gwammaja Dala zai nufa, na Ɗorayi Gwale, na Gama Nasarawa. Unguwannin da ke bakin iyaka su tabbatar da mazaɓarsu tun kafin su rubuta layi ɗaya, domin takardar da aka kai sakatariyar da ba tata ba, ba wanda zai ce muku kun yi kuskure. Za a karɓa ne kawai a ajiye.

Abu na biyu, ku san abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa su: ginawa da kula da hanyoyin cikin gari, fitilun titi, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa, banɗakunan jama'a, kwashe shara, maƙabartu, kasuwanni, har da sa wa layuka suna da ba gidaje lamba. Tana kuma da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Idan kun san wannan, yanayin maganarku da ciyaman yakan canza. Kun zo ne ku taya shi aikin da yake wuyansa.

Wasu ayyukan kuwa na jiha ne. Motar kwashe babbar bola ta hukumar REMASAB ce. Tsarin gine-gine, da izinin gini, da ƙorafin wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, na KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha. Ajujuwan firamare suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ruwan famfo na Hukumar Samar da Ruwan Sha ne. Ku raba buƙatunku bisa wannan tun a gida.

Taron farko

A nan ake cin nasara ko a faɗi, shi ya sa zan daɗe a kai.

Kada ku kira taro kafin ku je gaban mai unguwa. Mutum uku ko huɗu su je, a cikinsu har da dattijon da ake jin maganarsa, a gaishe shi a ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ne da shawara a kan magudanar layinmu, muna neman ka sa mana albarka ka kuma jagorance mu." Daga nan a je wurin liman, a roƙe shi ya yi sanarwa bayan sallah. Mai unguwa shi zai kai ku ga dagaci, dagaci ya kai ku ga hakimi, kuma nan gaba sa hannunsu ne zai ba takardarku nauyi. Ƙungiyar da ta tsallake su takan yi tafiya mai nisa sannan ta dawo baya.

Amma kada taron ya tsaya a kan masu gida da ke sahun gaba a masallaci. Unguwanni irin su Kurna, Sheka, Rijiyar Lemo da Brigade cike suke da 'yan haya, kuma su ne ruwa ya fi ci wa kaya. Idan aka ce musu maganar masu gida ce, ranar karo-karo su ma za su ce kuɗin masu gida ne. Mata kuma su suka san gaskiyar unguwa: wace rijiya ce ta ƙafe, wane lungu ne yara ba sa bi da dare, awa nawa ake yi ana jiran mai ruwa. Tun da da yawansu ba za su zo taron ƙofar masallaci ba, a yi musu nasu zama a makarantar Islamiyya ko gidan wata uwa da ake girmamawa, su fitar da wakilansu biyu, abin da suka faɗa ya shiga littafi kamar na kowa. Matasa ma a ba su kujera a kwamiti tun ranar farko. Ba daidai ba ne a riƙa tuna su sai ranar da ake neman mai riƙe shebur.

A taron, a bar kowa ya faɗi damuwarsa, sakatare ya rubuta. Za a tara abu goma sha: kwata, bola, taransifoma, katangar maƙabarta, ƙwacen waya a lungu mai duhu, rufin aji da iska ta yaye. Sai a zaɓi ɗaya. Ɗaya tak. Na san yana da wuya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa kuma nasa yake gani babba. Ma'aunin da muka yi amfani da shi guda uku ne: aikin ya shafi gidaje mafi yawa, a iya gama shi cikin rani ɗaya, kuma ido ya iya ganinsa. Kwalbati ɗaya da aka gama ta fi alkawarin kwalta jan hankalin mutane su sake ba da kuɗi.

A zaɓi shugabanni a fili. Shawarata, ma'aji kada ya zama ɗan'uwan shugaba ko yaron shagonsa, komai amanarsa. Kariya ce gare shi kansa, don ranar da baki zai fara magana. A sa wa'adi, shekara biyu ko uku, a rubuta shi cikin tsarin mulkin ƙungiya. Tsarin ba sai ya yi kauri ba, shafi uku ya isa: suna, manufa, iyakar unguwa, yadda ake zaɓe, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, da ranar karanta lissafi.

Rajista da asusu

Matakin farko shi ne sashen ci gaban al'umma na sakatariyarku, inda ake yi wa ƙungiyoyin taimakon kai da kai rajista. Ku tafi da tsarin mulkinku, da rahoton taron da aka yi zaɓe, da sunayen shugabanni da hotunansu, da takardar shaida daga mai unguwa da dagaci. Duk abin da kuka biya ku karɓi rasit. Ku kuma san jami'in sashen da fuska da suna, domin shi ne zai zo duba aikinku, rahotonsa ne kuma zai hau teburin ciyaman.

Don ƙaramin aiki wannan rajistar ta wadatar. Idan kuna hangen tallafin ƙungiyoyin agaji ko ofisoshin jakadanci, sai kun yi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, a matsayin ƙungiya mai amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi jayayya, sannan takarda ta fito. Banki kuma zai nemi lambar haraji, da BVN da NIN na masu sa hannu, da shaidar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Yana cin kuɗi da lokaci, don haka kada ku tsayar da aikin gayya kuna jiransa.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne ajiye kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya. Mun taɓa yin haka a farkon tafiya, don sauƙi. Bawan Allahn bai ci ko kwabo ba, amma kuɗin ƙungiya ya cakuɗe da na kasuwancinsa, ranar lissafi aka kasa rabewa, zumuncin shekaru ya kusa lalacewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa.

Ku fara da naku

Kafin ku nemi sisin hukuma, ku tara naku ku kuma yi wani abu da shi. A ce layinku gida 200 ne, kowane gida yana ba da naira 1,000 a wata. Cikin wata shida kun haɗa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, in kowa ya biya. Ba kowa zai biya ba. Gidan marayu da na gwauruwa a ɗauke musu a asirce, mai shago da mai gidan haya su ɗan ƙara, wanda ba shi da kuɗi ya ba da ƙarfinsa. Birkilan unguwa ya yi ragi, mai tifa ya kawo yashi a kuɗin mai. Duk wannan a rubuta shi da ƙimarsa ta kuɗi, domin gudummawa ce, kuma za ta shiga takardarku.

Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake taƙaita zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, ranar aikin gayya ce da aka ba ku kyauta. A fito da shebur da baro da manjagara a yashe lambatu. Sai dai a shirya motar da za ta kwashe abin da aka fitar tun kafin ranar. Sau nawa muka ga an tara ƙazanta a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito? A ɗauki hoto kafin aiki, da lokacinsa, da bayansa.

'Yan unguwa da suka yi arziki suka koma Nasarawa ko Abuja, a kai musu ziyara da littafin lissafi a hannu. Mai hali ya fi sakin hannu idan ya ga talakawan layin sun riga shi.

Takardar neman tallafi

Shafi ɗaya ko biyu, zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓarku. Ta faɗi ko ku su waye da lambar rajistarku, mene ne matsalar kuma a ina take daidai, gida nawa ta shafa, me kuka riga kuka yi, nawa ne jimlar aikin, nawa kuka tanada, me kuke nema. Dogon kirari ba ya ƙara mata komai. Mai unguwa da dagaci su sa hannu da hatimi. A haɗa da hotuna da sunayen magidanta da sa hannunsu.

Ƙiyasin kuɗin shi ne zuciyar takardar. Ku auna tsawon magudanar da faɗinta da zurfinta da tef. Ku nemi injiniya ko mai ƙididdigar gini, da wuya a rasa ɗaya a cikin 'ya'yan unguwa ko ɗaliban da suka gama BUK ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ya fitar muku da buhun siminti nawa, rodi nawa, tifar yashi da tsakuwa nawa, katakon kafinta, ladan ma'aikata. A sa kwanan wata a kan farashin, domin na siminti ba ya zama wuri ɗaya. Kuma a tambayi injiniyan abu guda: ina ruwan zai tafi? Magudanar da ba ta haɗu da babbar hanyar ruwa ba, ta kwashe matsalarku ne ta juye wa maƙwabta. A cikin birni, inda aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kai, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Idan ruwanku ta wata unguwa zai bi kafin ya kai rafin Jakara, ku zauna da mutanenta, wataƙila ma ku rubuta takarda ɗaya tare.

Ga shawarar da na fi tsayawa a kanta: ku nemi kaya, kada ku nemi tsabar kuɗi. Ku ce a ba mu siminti buhu kaza da rodi kaza, da injiniyan sashen ayyuka ya duba, mu kuma aiki da yashi namu ne. Ya fi sauƙin amincewa, ya fi wuyar karkatarwa, kuma buhun siminti kowa na iya ƙirga shi a ƙofar gidan mai unguwa.

Lokaci

Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, ana kuma haɗa kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshe na wadda ake ciki. Wanda ya kai takarda a watan Maris, amsar da zai ji ita ce ba ya cikin kasafi, kuma gaskiya aka faɗa masa. Ku shigar da taku tun damina ba ta ɗauke ba, a Agusta ko Satumba, lokacin da hoton ambaliyar yake sabo. Abin da kuke so shi ne sunan layinku ya fito ɓaro-ɓaro a cikin kasafin, da adadinsa. Layi irin na "gyaran magudanai a mazaɓu daban-daban" na kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Ku bi kansila da jami'in tsare-tsare har ku ga shafin da idonku.

A matakin jiha ma akwai ƙofa. Ana yin taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi, Majalisar Dokoki ma takan yi nata zaman sauraro. Ku aika mutum biyu da takarda a rubuce, ku ba ɗan majalisarku kwafi.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na tarayya kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, kuma har yanzu za ku riƙa jin ana cewa sai an samu amincewa daga sama. Kada wannan ya sanyaya muku gwiwa. Ku tambaya cikin ladabi: wane ofishi ne saman, yaushe aka tura, mece ce lambar wasiƙar? Sai ku bi ta can ma.

Bin takarda

Kada ku miƙa takarda hannu da hannu a wurin ɗaurin aure ko a bakin mota. A kai ta ofishin karɓar wasiƙu, a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku, ku adana shi kamar takardar gida. Bayan mako biyu a koma. Mutum biyu su riƙa zuwa tare, su rubuta wanda suka gani da abin da ya ce. Ku girmama ƙananan ma'aikata, su suka san teburin da fayil ya kwana. Idan wani ya nemi a ba shi wani abu kafin fayil ya motsa, ku ce masa kuɗin jama'a ne kuma kowane kwabo ana karanta shi a gaban taro. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe maganar.

Idan wata uku ta wuce shiru, a je da tawaga: dattawa, liman, mata biyu, matasa. Idan an ga aikin a kasafi amma ba a gan shi a ƙasa ba, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambaya a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. Gidajen rediyo kuwa, kowa ya san tasirinsu a Kano, amma ku bar su zuwa ƙarshe, kuma in za ku shiga ku shiga da kwanan wata da lambar takarda, ba da zagi ba. Wanda kuka kunyata a rediyo gobe teburinsa za ku koma.

Maganar siyasa

Da zarar ƙungiya ta yi ƙarfi, 'yan siyasa za su zo. Ku karɓi kowa, ku gode wa kowa a fili, ku rubuta abin da ya bayar. Amma kada ƙungiya ta sa hular kowa, kada a liƙa fosta a ofishinta, kuma shugaban da zai tsaya takara ya sauka tukuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga ƙungiyar da ta yi tashe a zamanin wata gwamnati, da mulki ya juya aka daina ko amsa sallamarta a sakatariya, rabin 'yan unguwar ma suka janye tun kafin nan. Lambatu ɗaya ne ke bi ta ƙofar ɗan kowace jam'iyya.

Idan kaya sun iso

A sauke su da rana, a gaban mai unguwa da jama'a, a ƙirga, a sa hannu. Mai riƙe makullin sito daban, mai rubuta abin da ya fita daban. Kwamitin aiki ya kasance da wanda ya san gini, don a tsaya a kan awon siminti da yashi, a kuma yi wa kankare ban-ruwa na kwanaki kafin a bar mota ta hau kwalbati. Idan ɗan kwangila hukuma ta turo maimakon kaya, ku nemi ganin takardar da ta fayyace aikin, tsawo da faɗi da kauri, ku riƙa aunawa yana yi. Gyara ya fi sauƙi kafin kankare ya bushe.

Kowane wata a manna lissafi a bangon masallaci, a kuma tura shi zauren WhatsApp na unguwa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A karanta shi a taron mata ma. Da an gama, a rubuta wa ciyaman rahoto da hotuna da godiya, a ba jami'in ci gaban al'umma kwafi. Wannan rahoton shi za ku ɗora a saman takardarku ta badi.

Kafin a watse daga bikin buɗewa, a yanke maganar kula da aikin. Kowane gida ya ɗauki gaban ƙofarsa. A ware wani kaso na karo-karon wata don gyara. Idan rijiyar burtsatse ce mai sola, a sa ɗan kuɗi kaɗan a kan jarka, a naɗa mai kula, domin famfo zai lalace wata rana kuma sakatariya ba za ta zo gyara shi ba. Idan magudana ce, a samar wa mutane inda za su zuba shara, a yi yarjejeniya da masu kwashewa a baro, in ba haka ba yaran da ake aika da bola da dare cikin kwatar za su juye. A sa babban yashe ɗaya a watan Mayu, kafin ruwan farko, a rubuta ranar a littafi tun yanzu tare da sunan wanda zai nemo mota.